Shekara biyu ina rubuta littafi a Scrivener, ga abin da na gani

Jama'a sallama. Tun watan jiya wata ƙanwata a harkar rubutu take bina da tambaya, wai Anti don Allah da me kike rubuta littafinki, saboda ta ga wani hoton fuskar kwamfutata da na ɗauka, ta hango wasu katuna jere kamar an manna su a jikin allo. Na ce mata zan ba ta amsa a natse, da na fara sai na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ne na ce bari kawai in rubuta a fili kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi. Sunan manhajar Scrivener, yau shekara biyu da 'yan watanni ina aiki da ita, na gama littafi ɗaya a cikinta na biyun kuma ya wuce rabi. Ba wanda ya biya ni ko ya roƙe ni in yi wannan rubutun, da kuɗina na saya.

Amma kafin in shiga maganarta sai na ɗan faɗi halin da nake ciki a da, don in ba ki san ciwon ba ba za ki gane amfanin maganin ba. Wanda bai taɓa rubuta dogon labari ba yana ɗauka mutum zama yake ya fara daga babi na ɗaya ya miƙe tiryan-tiryan har ya dire, wallahi ba haka abin yake ba, ko dai in ce ni ba haka yake min ba. Wata rana ƙarshen littafin ne zai fara zuwa miki kina tsakiyar wanke-wanke, wata rana wata magana guda ɗaya ce da tauraruwarki za ta faɗa wa mijinta kuma ba ki ma san a wane babi za ta faɗa ba, wata rana kuma ki wayi gari ki gane cewa abin da kika sa a babi na 20 tun a babi na 6 ya kamata ya faru. Ga shi ina da aikin da nake ci da shi, ga yara, lokacin rubutuna gaba ɗaya minti arba'in ne da asuba kafin gida ya tashi, sai ɗan abin da na sata da dare in ido bai rufe ba.

To a da duk littafin a fayil ɗaya yake, dogo, shafi wajen 300. In na buɗe sai in yi ta gangarawa ina neman inda na tsaya, a hanya ido ya faɗa kan wani sakin layi da bai min ba in tsaya gyara shi, daga nan in karanta na ƙasansa, kafin in farga minti arba'in ɗin sun tafi ban ƙara ko kalma ɗaya sabuwa ba. Ranar da ta sa na fara neman mafita ba zan manta ta ba. Na yanke wani babi sukutum zan mayar da shi gaba, kalma ta kai 4,000, babin da uwar tauraruwata ta rasu, na fi sati uku a kansa. Ina yankewa aka kira ni a waje, da na dawo hankalina ya rabu na kwafi wani abu daban, na yi sebin na rufe. Sai washegari na nemi babin sama da ƙasa babu. Na zauna na yi kuka sosai. Na sake rubuta shi daga baya amma har yau na san na farkon ya fi, akwai wata jimla a ciki game da takalmin marigayiyar da aka bari a bakin ƙofa wadda na kasa dawo da ita yadda take.

Abin da ya fara jan hankalina game da Scrivener shi ne wanda ya ƙirƙire ta. Sunansa Keith Blount, mutumin Ingila ne, malamin makaranta ne da yake ta fama da rubuta nasa littafin, ya rasa manhajar da za ta yi masa yadda yake so sai ya zauna ya koya wa kansa haɗa manhaja ya yi tasa. Kamfaninsu Literature & Latte ƙarami ne, a yankin Cornwall yake. Ta fara fitowa a 2007 don kwamfutar Mac, ta Windows ta biyo baya a 2011, ta iPhone da iPad a 2016, sannan zubi na uku wanda ake amfani da shi yanzu ya fito wa Mac a ƙarshen 2017, na Windows sai a 2021. Ni ta Windows nake da ita a laftof. Kuma gaskiya in kin yi sati kina aiki da ita za ki ji a jikinki cewa wanda ya yi ta ya san zafin rubutu, ba don wasiƙar ofis aka yi ta ba.

Yadda take shi ne, maimakon littafinki ya zama doguwar igiya ɗaya, sai ya zama gunduwa-gunduwa. A gefen hagu akwai wani jeri da suke kira bainda, nan za ki ga kowane babi a matsayin folda, a cikin kowace folda kuma kowace fitowa takardarta daban. Kina so ki mayar da wata fitowa baya? Ki kama ta da linzami ki ja ki saki inda kike so, shi kenan, babu yanka babu liƙawa babu fargaba. In kuma kina son karanta babin gaba ɗaya a haɗe ko ma littafin duka, ki danna foldar ta nuna miki su a jere kamar takarda ɗaya, ki gyara a nan ma in kin ga dama. Tsohon littafina da ke fayil ɗaya ma shigo da shi na yi, na bi ina sa alama inda kowace fitowa ta ƙare ina danna Ctrl da K tana raba min, yini ɗaya na yi ya tashi fitowa 94. Ranar ce rana ta farko da na ga surar littafina da idona.

Bari in nuna miki safiyata yanzu. Na tashi gari bai waye ba, na buɗe laftof, manhajar ta buɗe min daidai inda na rufe jiya, fitowa ɗaya ce a gabana mai kalma 600 ba shafi 300 ba. A gefen dama akwai ɗan wurin rubuta abin tunawa na wannan fitowar kaɗai, kuma na saba kullum kafin in rufe sai na bar wa kaina saƙo a wurin, misali wata rana na rubuta game da tauraruwata Hajara: ta riga ta ga wasiƙar amma ƙanenta bai san ta gani ba, kar ta yi maganar kai tsaye, ta tambaye shi mukullin ɗakin. Da na karanta wannan sai in ji kamar ban tashi daga kujerar ba. In danna F11 komai ya ɓace, jeri, maɓallai, agogo, ya rage daga ni sai farar takarda a tsakiyar duhu, layin da nake bugawa kuma yana tsayawa a tsakiyar fuska kamar na tsohon tafireta ba sai na sunkuyar da kai ƙasa ba. Cikin minti biyu na shiga labari. Ni wannan kaɗai ya biya ni kuɗina, domin matsalar mai rubutun sata-satar lokaci ba rashin basira ba ce, hanyar komawa cikin labarin ce take da nisa kullum, to ta gajarce min ita.

Sai katunan da ƙanwata ta gani. Kowace fitowa tana da kati nata, ki rubuta layi biyu ko uku na abin da ya faru a ciki, in kika koma allon katuna sai ki ga littafin duka a shimfiɗe, in kika matsar da kati fitowar ma ta matsa a cikin littafin. Dabarar ba sabuwa ba ce, Vladimir Nabokov a kan katuna na takarda yake rubuta littattafansa yana jujjuya su a akwati, nan dai an saka ta a kwamfuta ne. Abin da allon nan ya yi min a littafina na farko ba ƙarami ba ne. Masu karanta min daraf su biyu duk sun ce tsakiyar littafin tana da nauyi, suna kaiwa nan sai su ajiye, amma ba wadda ta iya nuna min ga inda matsalar take, ni ma na karanta na karanta ban gani ba don kowace fitowa in ka ɗauke ta ita kaɗai lafiyarta ƙalau. Sai na zauna na cike katunan da sharaɗi ɗaya, a kowane kati in rubuta me ya canza daga farkon fitowar zuwa ƙarshenta. Daga kati na 38 zuwa na 49 na rasa abin rubutawa. Hajara tana tunani, Hajara ta tuna, Hajara ta kasa barci, Hajara ta je wurin ƙawarta sun maimaita abin da mai karatu ya riga ya sani. Fitowa goma sha biyu a jere ba abin da ya motsa! Na haɗe su suka koma huɗu, na ɗauko zuwan ƙanen nata daga can gaba na jawo shi nan, littafin ya miƙe. Da ina cikin doguwar takarda ban jin zan taɓa ganin wannan, saboda idan kana cikin daji itace ɗaya-ɗaya kake gani.

Kowane kati kuma ana iya ba shi launi da matsayi. Ni launi na masu ba da labari ne, littafina na yanzu mutum uku ne suke karɓa-karɓa, kowa da launinsa, kallo ɗaya zan yi in ga cewa ɗaya ta ɓace tsawon babi biyar mai karatu ya kusa mantawa da ita. Matsayi kuma na sa guda huɗu kawai, ba a fara ba, daraf na farko, an gyara, an gama.

Wanda ya fi shiga raina duka shi ne abin da suke kira sinafshot, wato ɗaukar hoton rubutu. Kafin ki taɓa wata fitowa ki danna Ctrl da 5, za ki ji ƙara kamar ta kyamara, ta ajiye miki rubutun yadda yake a wannan lokacin da kwanan wata, sai ki shiga ki yi masa kaca-kaca yadda kike so, in bai yi ba ki dawo da na da, ko ki sa ta nuna miki bambancin tsoho da sabo, abin da kika cire da abin da kika ƙara kowanne da launinsa. Mutane ba sa gane cewa rabin rashin gyara tsoro ne. Kana ganin sakin layi ka san bai dace da wurin ba amma ka sha wuya a kansa, kana tsoron in ka goge ba za ka iya yin wanda ya kai shi ba, sai ka bar shi ya zauna yana ɓata babi. Tunda na san ba abin da zai salwanta hannuna ya saki, fitowar buɗe littafina sau bakwai na sake ta kuma duk bakwai ɗin suna nan, ƙarshe ma farkon na uku na haɗa da ƙarshen na shida. Ko abin da kika jefa a kwandon shara yana nan zaune sai ranar da kika zubar da kanki. Ga shi tana sebin da kanta, da kin ɗaga hannu daƙiƙa biyu ta adana, kuma duk lokacin da kika rufe tana yin kwafin ajiya na aikin gaba ɗaya, tana riƙe biyar na baya-bayan nan sai in kin ƙara adadin, ni na mayar da nawa 25. Batir ya sha mutuwa ina tsakiyar jimla, in kunna in tarar da jimlar a rabinta tana jirana.

Maganar ƙirgen kalmomi kuma ina da ra'ayi biyu a kai. Za ki iya gaya mata littafin kalma nawa kike so ya kai, da ranar da kike son gamawa, da ranakun da kike rubutu a sati, ita kuma ta raba miki ta ce yau ga abin da ke kanki, da ɗan layi da yake cika yana sauya launi yayin da kike bugawa. Tana kuma riƙe tarihin kowace rana. Wannan ma tsohuwar al'adar marubuta ce, Anthony Trollope ma'aikacin gidan waya ne a Ingila, ƙarfe biyar da rabi na asuba yake zama da agogo a gabansa yana neman kalma 250 duk kwata na awa kafin ya tafi aiki, da haka ya tara ƙagaggun labarai 47. Ni nawa 400 ne a rana, kwana biyar a sati, kuma lissafin yana kwantar min da hankali, don 400 sau biyar 2,000 ne, sati arba'in kin tashi da 80,000, littafi cikakke kenan cikin ƙasa da shekara daga minti arba'in na asuba. A lokacin daraf na farko layin nan abokin tafiya ne na gaske, ranar da rai ba ya so shi yake sa in ƙarasa. Amma ranar da kika shiga gyara ki kashe shi, don Allah ki kashe. Ranar gyara mai kyau ita ce wadda kika cire kalma 900 kika ƙara 100, ƙirge zai nuna miki kin ci baya alhali ranar kin fi kowace rana aiki, in ba ki yi hankali ba sai ki fara jin ciwon yanke abin da ya kamata a yanke.

Akwai kuma foldar bincike, nan nake zuba komai, hotunan fuskokin da nake hango taurarina da su, taswirar gidan da labarin yake faruwa wadda na zana da hannu na ɗauka a waya, takardun da na karanta kan ciwon da ɗaya daga cikinsu take fama da shi, da jadawalin shekaru. Ana raba fuska biyu, rubutu a ɓangare ɗaya taswira ko jadawali a ɗayan. Jadawalin shekarun nan kar ki raina shi, a daraf ɗina na farko akwai cikin da ya yi wata goma sha huɗu ba a haihu ba, akwai tabon da yake kuncin hagu a babi na 3 ya koma na dama a babi na 27, kuma mai karatu yana kama irin wannan, da ya kama kuma ya daina yarda da ke. Yanzu kowane tauraro yana da takardarsa, shekararsa, yadda yake magana, kalmar da ba zai taɓa faɗa ba, abin da yake ɓoyewa. Sannan ina maƙala wa kowace fitowa sunayen waɗanda suke ciki, in na nemi suna ɗaya sai ta tattaro min duk fitowarsa a jere in karanta labarinsa shi kaɗai daga farko har ƙarshe. Da haka na gano cewa ƙanen Hajara ya yafe mata ba tare da wani dalili ba, a fitowa ɗaya yana fushi a ta gaba suna dariya, sai da na rubuta sababbin fitowa biyu a tsakani.

Wani ɗan abu da ban san da shi ba sai bayan shekara, akwai inda za ki danna ta dusashe komai ta bar maganganun da ke cikin alamar zance kawai suna haske. Ki karanta su da ƙarfi a haka. Nan take za ki ji in duk mutanenki bakinsu ɗaya, wato bakinki.

To yanzu abubuwan da ya kamata ki sani kafin ki sa kuɗinki, don ba zan ce miki ta dace da kowa ba. Na farko tana son a koye ta. Ba irin manhajar da za ki buɗe ki gane komai a take ba ce, maɓallanta da yawa, littafin bayaninta ma ɗaruruwan shafuka ne. Akwai darasi a cikinta wanda shi kansa aiki ne da za ki buɗe ki bi mataki-mataki kina gwadawa, shawarata ki ba shi yamma biyu kafin ki shigo da littafinki, kuma kar ki ce sai kin san komai, ni har yau abin da nake taɓawa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba kuma ya ishe ni. Na biyu fitar da littafi, abin da suke kira kompail, wato inda take haɗe gunduwoyin nan ta fitar miki da su a fayil ɗaya na Word ko PDF ko littafin waya na epub. Tunaninsa daban ne da wanda muka saba, yadda rubutu yake a fuskarki ba lallai haka zai fita ba, ke za ki gaya mata folda ita ce babi, a sa mata lamba a fara ta a sabon shafi, takarda ita ce fitowa, a raba ta da 'yar alama. Da kin gane shi abu ne mai daɗi, don rubutu ɗaya za ki fitar da shi siffa uku ba ki taɓa asalin ba, amma ki koye shi tun da sauran lokaci, kar ki bari sai daren da za ki tura wa mai buga littafi.

Na uku, kuma wannan shi zai yanke wa da yawa hukunci, babu ta a wayar Android. Mac, Windows, iPhone da iPad kawai. Na san marubuta da yawa da babban yatsa suke rubuta littafi sukutum a waya, kuma ina girmama su ƙwarai, in ke ce wannan to ba taki ba ce sai ranar da kika samu kwamfuta. Ni abin da nake yi in wani abu ya zo min a hanya in buga a wurin ajiye rubutu na waya, da dare in kwashe in zuba a wata folda da na sa wa suna tsintuwa. Masu iPhone ko iPad kuma ta Dropbox, wato wata ma'ajiyar fayiloli ta intanet, ake haɗa su da kwamfuta, kuma ƙa'ida ce ki rufe aikin a na'ura ɗaya ki bari ya gama hawa kafin ki buɗe a ɗayar, saboda aikin ba fayil ɗaya ba ne, folda ce mai ƙananan fayiloli masu yawa a ciki. Kwafin ajiyarki kuma kar ki bar shi a kwamfutar da aikin yake kawai, ni duk ƙarshen sati nake kwafe shi a filas in kuma tura wa kaina ta imel.

Na huɗu, aikin mutum ɗaya ce. Ba a yi ta don mutum biyu su shiga rubutu ɗaya a lokaci guda ba, kuma ranar da littafi ya tafi hannun edita to ya bar gidanta, editoci da Word suke aiki inda ake ganin kowane gyara a karɓa ko a ƙi, daga nan har bugu can za ki zauna. Ni ban ɗauki wannan aibi ba, ɗakin haihuwa daban ɗakin suna daban. Sai jan layin nan na gyaran rubutu, ranar farko na kashe shi, da wanda yake canza kalma da kansa, don mai rubutu da harshenmu ba abin da za su ƙara masa sai ciwon ido. Haruffa masu lanƙwasa kuwa suna zama lafiya in dai kibod ɗinki yana fitar da su kuma salon harafin da kika zaɓa yana da su, ki gwada ƙ da ɗ da ɓ manya da ƙanana a fayil ɗin da kika fitar kafin ki yi nisa.

Akwai kuma wani tarko da nake so in ja kunnen ƙannena a kai da gaske, don na ga ya cinye wasu. Manhajar tana da daɗin shiryawa. Za ki iya kwana uku kina zaɓen launi, kina neman hoton da ya yi kama da tauraronki, kina cike takardar tarihin kakansa, kina jera katunan babi 40 da ba ki rubuta ko ɗaya ba, kuma duk ki ji kamar aiki kike. Ba rubutu ba ne. Na san wata baiwar Allah mai basira sosai da ta shekara tana gina gidan littafinta a ciki, komai tsaf, kalmomin labarin kansu ba su kai 3,000 ba, kuma abin yana damuna don labarin da take ɗauke da shi ya cancanci a karanta. Dokar da na sa wa kaina ita ce lokacin asuba na sababbin jimloli ne kawai, duk wani shiri da jere-jere sai dare lokacin da kai ya gaji ba zai iya ƙirƙira ba. Kuma ba za ta gaya miki labarinki ya yi ko bai yi ba, ba za ta sa tauraruwarki ta yi rai ba, ranar da kika zauna kan fitowa kika rasa ta inda za ki shiga haka za ki zauna ke da farar takarda kamar kowane marubuci tun da aka fara rubutu.

Batun saye, sau ɗaya ake biya ba kuɗin wata-wata ba, wanda ni a wurina babban abu ne don littafi yana iya cin shekara uku kuma ba na son ranar da aljihu ya yi sanyi a rufe min ƙofar rubutuna. Lasisin Mac daban na Windows daban na iPhone daban, ki lura da wannan. Suna ba da gwajin kwana 30 kyauta da komai a buɗe, kuma kwanakin da kika buɗe ta ake ƙirgawa ba kwanakin kalanda ba, in sau biyu kike buɗewa a sati gwajin zai kai ki sati goma sha biyar. Don haka ƙanwata kar ki saya don na faɗa, ki sauke ta gwaji, ki shigo da babi uku na abin da kike rubutawa yanzu ba sabon abu ba, ki raba su fitowa-fitowa ki cike katunan, in kin kai kwana goma ba ki ji sauƙi ba ki bar ta ba ki yi asarar komai ba. In gajerun labarai kike yi ko waƙa, ko kina cikin masu fara labari daga farko su miƙe ba waiwaye, abin da kike da shi ma ya isa. Amma in dogon littafi ne mai mutane da yawa da shekaru da yawa, kina rubuta shi a gutsure tsakanin aiki da hidimar gida, ni dai a wurina tara cikin goma na ba ta, ɗayan na riƙe ne saboda 'yan uwana masu Android.

Yanzu haka kati na 57 ne a gabana, launin kore, matsayinsa ba a fara ba, abin da ke jikinsa layi ɗaya ne, uwar ta dawo gidan bayan shekara tara ta tarar an sare bishiyar. Sati biyu kenan ina tsallake shi ina rubuta na gabansa don na san zai taɓa ni, na 58 da na 59 har sun kai daraf na farko. Na riga na bar wa kaina saƙo a gefe cewa kar ta yi kuka, ta tambayi wanda ya buɗe mata ƙofa ina aka kai itacen. Gobe da asuba in Allah ya kai mu shi zan buɗe.